Firam ɗin motar tseren da nake haɗawa a zaure ya karkace, masana a taimaka

Auwal Fadaman Mada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ina wani aiki a zauren gidanmu ban gaya wa kowa ba, don na san dariya za a yi mini. To yau tura ta kai bango. 'Yar ƙaramar motar tsere nake haɗawa, mai kujera biyu, ba rufi ba ƙofa, irin samfurin Lotus Seven da wani Bature Colin Chapman ya fito da shi a Ingila a 1957. A can kayanta ake sayar maka a kwalaye ka je gida ka ɗaɗɗaura, kamfanin Caterham na yin haka har gobe tun da ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. Ni kuwa da na ga mafi arahar ciki ta haura fam 20,000, ban da kuɗin jirgi da na kwastan, sai na ce bari in bi hanyar talakawan can, waɗanda ke yanka fayif su yi firam ɗin da hannunsu su ciro sauran kaya daga matacciyar mota.

Na gama firam ɗin shekaranjiya da sikwaya fayif mai inci ɗaya. Da na sauke shi daga kan bencin sai na ga ƙafa uku na ƙasa, kusurwar baya ta hagu ta ɗaga, yatsuna biyu na shiga ƙarƙashinta. Tambaya ta farko: ana iya miƙar da shi ko asara ta tabbata? Ta biyu: wani abokina zai ba ni injin Camry V6 a kan kuɗi mai sauƙi, in karɓa?

Babangida Golf: Wa alaikumus salam. Motar tsere a Fadaman Mada! Da awakin unguwa za ka yi tseren ko da 'yan acaɓa?

Oga Sale Mai Walda: Babangida bari yaro ya yi tambayarsa. Auwal, kafin in ce komai: a kan me ka ɗora fayif ɗin lokacin da kake walda, kuma ta ina ka fara?

Auwal Fadaman Mada: Oga a kan tsohon ƙyauren katako na ɗora, na sa bulo huɗu a ƙarƙashi. Na fara da gefen hagu na gama shi tsaf, sannan na koma dama.

Oga Sale Mai Walda: To ka ga inda gizo ke saƙar. Laifi biyu ka yi, na biyun ya fi girma. Ƙarfe in ya sha wuta buɗewa yake, in ya huce ya tsuke, kuma tsukewar ta fi buɗewar, sai ya jawo abin da ke kusa da shi. Kai ka ƙona gefe guda gaba ɗaya, gefen ya huce ya ja sauran jikin zuwa wajensa, ka zo ka ɗaure ɗaya gefen a kan karkatar. Ko get na gida muke yi ba ma yin haka. Ɗigo-ɗigo ake fara yi a kowace mahaɗa har siffar ta tsaya gaba ɗaya, a auna, sannan a cika waldar ana tsallake-tsallake: nan gaba dama, can baya hagu, a sha ruwa a dawo. Shekarata 26 da wannan sana'a a Wunti, har yau gaggawa ce ke ɓata wa yarana aiki, ba rashin iyawa ba.

Shi kuma ƙyauren, ka taɓa ɗora masa lebur, ma'aunin nan na magina, ka gani? Tsohon ƙyauren da ya sha damina ba ya zama a miƙe. Filawud mai kauri ake samu a kafa shi a kan katako, a daidaita shi ta ko'ina, a zana layin tsakiya, a buga 'yan guntayen katako su riƙe kowane fayif a mazauninsa.

Auwal Fadaman Mada: Wallahi ban ɗora ba Oga. Ido kawai na sa.

Oga Sale Mai Walda: Ido na cin tuwo ne. Ɗauki tef yanzu ka auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan ka auna ɗaya gicciyen. Faɗa mana nawa da nawa.

Injiniya Bappah Gombe: Kafin ya dawo da awon, bari in taɓa maganar inji, don ita ta fi tayar mini da hankali. Auwal, kada ka karɓi V6 ɗin nan ko kyauta ne. Na farko, injin Camry a gicciye yake zaune, tayoyin gaba yake ja, giyabos ɗinsa ba shi da hanyar fitar da farfela, sandar da ke juya tayoyin baya. Motar da kake kwaikwayo injinta a tsaye yake a gaba, baya ke turawa. Na biyu shi ne nauyi. Gaba ɗaya hikimar wannan mota rashin nauyi ne. Ka ɗauki Golf 3 mai inji 1.8 da muke hawa zuwa Bauchi kullum: ƙarfin doki 90 ne mai ƙarfin cikinsu, nauyinta ya ɗan haura tan ɗaya. In ka sa wannan ƙarfin a abin da bai wuce kilo 550 ba, kowane doki rabin kayan da yake ja a Golf zai ja. Ka ninka kuzarin motar ba ka taɓa inji ba. Kuma ƙarin inji a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake amfani, rage nauyi kuwa yana amfani a tashi, a kwana, a birki, har a cin taya. In ka jibga V6 a hancinta, ka juya sitiyari ita kuma ta ce gaba ta nufa.

Babangida Golf: Injiniya to ai daɗin abin ƙarar ce. Motar tsere ba gurnani ai keken ɗinki ce.

Usman Tumfure: Ni dai Fijo 504 nake gani. Baya take ja, kayanta ko'ina akwai, kowane bakanike a Gombe da Bauchi zai kwance injinta ido rufe. A Kaduna aka yi shekaru ana haɗa ta, ƙasarmu ta san ta.

Kawu Ɗanjuma: Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna mini wannan zance, shi ke rubuta mini don idona ya yi rauni. Na yi aiki a Steyr nan Bauchi lokacin ana haɗa manyan motoci da tarakta, daga baya na riƙe gareji. Usman, 504 mota ce, ban ƙi ba, na yi tafiyar Maiduguri da ita ba adadi. Amma ba ta dace da wannan aiki ba. Injinta baƙin ƙarfe ne mai nauyi kuma a kishingiɗe yake, zai ci faɗin da yaron ba shi da shi. Sannan farfelarta a cikin wani babban bututu take, wanda ya ɗaure giyabos da aksul ɗin baya wuri guda. In za ka gajarta shi sai ka yanke bututun da sandar ciki, ka sake haɗa su daidai wa daida, in ka kuskure da kaurin gashi za ta riƙa kaɗawa har haƙoranka su yi ƙara. Ban ce ba a yi ba. Amma wanda bai ɗora lebur a kan bencinsa ba tukuna, kada a tura shi can.

Auwal Fadaman Mada: Kawu na karɓi wannan, gaskiya ce. Ga awon Oga Sale: gicciye ɗaya ya fi ɗaya da milimita 14.

Oga Sale Mai Walda: Sha huɗu a gicciye, ga murɗewa ta yatsa biyu. Akwai masu ce maka a ɗaure shi da sarƙa a sa jak a danne, ko a gasa da wuta a ja. A kan get zan yarda. A kan abin da mutum zai zauna ciki ya taka totur, a'a. Wane kaurin fayif ka saya ma tukuna?

Auwal Fadaman Mada: Mai shagon ya ce 1.5 ne.

Oga Sale Mai Walda: Ya ce. Kai ka auna?

Auwal Fadaman Mada: Na ari kalifa wajen maƙwabcina yanzu. 1.1 nake gani. Na auna guntu uku, duk haka.

Babangida Golf: Inna lillahi. Firam ɗin gadon amarya ka yi ashe.

Oga Sale Mai Walda: To ka ga karkacewar nan rahama ce. Da ya fito a miƙe da ka ɗora inji a kan fayif ɗin tagar shago. Duk mai zuwa sayen ƙarfe ya tafi da kalifarsa a aljihu, abin da ake faɗa da baki da abin da ke jikin fayif ba kullum suke haɗuwa ba. Na tabbata ma in ka kankare waldarka za ka ga wuraren da ka huda ka cike, don elektirod geji 12 a kan 1.1 sai mai hannu sosai.

Hauwa Yelwa: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a injiniyancin kanikanci a jami'ar ATBU, bari in sa baki da ɗan lissafi. Masu irin wannan firam a Ingila fayif mai milimita 25 da kaurin 1.6 suke amfani da shi, kuma da injin walda na MIG mai waya da iskar gas. Mita ɗaya na wannan fayif kilo 1.2 ne ba kaɗan. Mai kaurin 2 kuma wajen kilo 1.4 ne. In firam ɗin ya ci mita 40, bambancin bai fi kilo 11 ba. Tunda yawancin masu waldarmu da elektirod suke aiki, ni a ganina gara ya ɗauki mai kauri 2 ya sha kilo 11 ɗin, ya samu waldar da ta shiga jiki ba ta huda ba. Zai iya rama nauyin a wani wuri, misali kujeru da batir.

Abu na biyu, Yaya Auwal na duba hoton da ka sa, gefunan duk murabba'i ne, ban ga fayif ɗin gicciye ba sai guda biyu. Murabba'i in ka tura kusurwarsa kwanciya yake, ko da waldar ta yi kyau. Mai kusurwa uku ba ya kwanciya sai in ɗaya daga cikin sandunan ya tsinke ko ya lanƙwashe. Ka duba turakun layin wuta na ƙarfe da ke bakin hanyar Gombe, duk jikinsu alwatika ne. Kowane murabba'i a firam ɗinka yana son sanda ta ratsa shi, ban da inda inji da mutum za su shiga.

Injiniya Bappah Gombe: Hauwa ta gama magana a kan gicciye. Amma ban yarda da kauri 2 a ko'ina ba. Haka ake farawa: kilo 11 nan, kilo 8 can, "ai ba yawa", kafin ka farga ka haɗa Hilux mara bodi. A sa 2 a ƙasan firam da inda hannayen taya za su kama, sama kuma 1.6 ya isa.

Hauwa Yelwa: Injiniya in an samu 1.6 na gaskiya a kasuwa, na yarda. Shi da aka sayar wa 1.1 da sunan 1.5 fa?

Injiniya Bappah Gombe: Wannan kuma kin kama ni.

Kawu Ɗanjuma: Ku tsaya ku ji. Ba dole sai MIG ba. Tsofaffin firam na wannan mota da wutar gas da sandar tagulla aka haɗa su, ba a narka fayif ɗin kansa, tagullar ce ke kwanciya ta riƙe. Zafinta bai kai na lantarki ba, saboda haka ƙarfe ba ya murɗewa sosai. Masu gyaran bodi namu da ke aiki da kabayit, akwai tsofaffin hannu a cikinsu da suka iya wannan. Sharaɗinta ɗaya: bakin fayif ya zauna a jikin ɗan uwansa ba rata, kuma a goge shi fes. Mai gaggawa ba ya iya ta. Kuma ina roƙonka ɗana, kada wani ya ruɗe ka da fayif ɗin ruwa mai farin shafe don ya fi arha. Hayaƙin shafen nan in ka shaƙa, da dare zazzaɓi da rawar sanyi za su rufe ka. Yaranmu na cewa a sha madara, madara ba ta hana komai, ni na sha na kwana ina karkarwa.

Malam Isa Gwallaga: Na yi shiru ina karantawa, amma akwai abin da ba wanda ya tambaya. In an gama, ina za a tuƙa ta? Mu nan ba mu da filin tsere. Abin da muke da shi shi ne wasan mota a biki, yara su hau titi suna juyi ana ihu. Shekara uku da suka wuce ina tsaye a ƙofar shagona mota ta ƙwace wa wani yaro a rakiyar amarya, ta hau kan mai sayar da rake. Mutumin ya rayu amma har yau da sanda yake tafiya, yaron kuma ɗan mutunci ne, ba shaye-shaye yake ba, tsautsayi da ƙuruciya ne. Yanzu ku manya kun taru kuna koya wa wani yadda zai ninka gudu a abin da ba rufi ba ƙofa. Kuɗin nan da lokacin nan, da injin ban ruwa ko na casar shinkafa ya haɗa, da jama'a sun amfana. Allah ya sa ban ɓata wa kowa ba.

Babangida Golf: Malam ai duk wanda ya ƙera injin casa daga wasa ya fara.

Auwal Fadaman Mada: Malam ba ka ɓata mini ba, mahaifiyata ma kusan abin da ta faɗa ke nan, ta ƙara da cewa zauren ya zama na 'yan gwangwan. Ban taɓa wasan mota a biki ba kuma ba zan yi ba. Amma gaskiya ban yi tunanin inda zan gwada ta ba, ina cewa in an gama a ga yadda za a yi.

Injiniya Bappah Gombe: Tambayar Malam Isa tana kan hanya, ko da ban bi shi har ƙarshe ba. Maganar amfani: Jelani Aliyu ɗan Sakkwato zanen motoci ya kai shi General Motors a Amurka, ya dawo ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Nan kusa da ku a Jos, Jerry Mallo ya fito da motarsa ta tsere a 2019, kuma injinan noma yake ƙerawa tun kafin nan. Yaron da ya koyi daidaita firam da lissafin birki, injin casa ba zai gagare shi ba. Amma maganar titi, Malam ya fi mu gaskiya. A Ingila in ka haɗa mota a gida ba ka hawa titi sai ta ci wata jarrabawa da ake kira IVA, su duba birki, fitilu, mazaunin bel, har kaifin gefuna. Kai a nan me za ka nuna wa 'yan Rod Sefti da VIO in sun tare ka? Firam ɗin da ka yanka a zaure ba shi da lambar shasi, ba shi da takardar kwastan. Ka ɗauka tun yanzu cewa wannan mota a bayan wata motar za ta riƙa zuwa inda za ta yi gudu.

Usman Tumfure: Ko ma an ba shi lamba, wane titi? Motocin nan tsakaninsu da ƙasa bai fi faɗin tafin hannu ba. Daga Bauchi zuwa Alkaleri kawai sai ta bar kaskon inji a hanya. Tudun rage gudu na cikin gari ma ya ishe ta.

Kawu Ɗanjuma: Usman ya taɓo wani abu. Ɗana, kada ka kwafi motar Bature har da tsayinta. Shi kwalta mai santsi ya yi wa. Kai jar ƙasa za ka taka, ɗaga ta kamar santimita 17 ko 18, ka sa faranti a ƙarƙashin inji. Ka nemi lagireto babba fiye da yadda kake zato, don watan Afrilu a Bauchi ba Ingila ba ne, kuma ka yi masa rumfa ta yadda iskar da ta shigo ta hanci ba ta da wata hanya sai ta cikinsa. Matatar iska kuma ka ɗaga ta sama nesa da ƙurar taya.

Alhaji Garba Dass Road: Ni ban san komai a kan walda ba, kiwo nake. Amma ina da fili a hanyar Dass da na kewaye, bayan an cire amfani fayau yake har ruwa ya sauka. In Kawu Ɗanjuma da Oga Sale sun duba motar sun ce ta yi, a zo a gwada a can. Sharaɗina: ba 'yan kallo, ba yara, da hular kwano, kuma Malam Isa ya zo ya zama shaida.

Malam Isa Gwallaga: Alhaji ka ɗaure ni da igiyata. To zan zo. Amma sai na ga ƙarfen kariya a bayan kansa tukuna.

Hauwa Yelwa: Wannan ƙarfen ma kada a yi shi da sikwaya fayif ko fayif mai ɗinki. Zagayayye mara ɗinki ake so, mai kauri, a lanƙwasa shi da injin lanƙwasa ba a yanka a haɗa ba, da sanduna biyu masu tokare shi ta baya. In ka zauna da hular kwano, a miƙa igiya daga samansa zuwa gaban firam, kada kanka ya taɓa igiyar. Bel kuma mai kafaɗa biyu, a ɗaure shi a jikin firam ba a jikin kujera ba. Sannan a tuna, in gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninki huɗu yake. Layin birkin gaba da na baya a raba su, in ɗaya ya fashe ɗaya ya rage.

Auwal Fadaman Mada: Na rubuta duka. To yanzu in ba V6, ba 504, me ya rage? Wani ya ce mini Marsandi 190.

Injiniya Bappah Gombe: 190 baya take ja, amma ƙafafunta na baya hannu biyar-biyar ne kowane gefe, kwafe wannan lissafin a firam ɗin gida ba ƙaramin aiki ba ne, ga injin da tsayi da nauyi. Zan faɗi wani abu, Babangida ya shirya dariyarsa: Hijet. Ko Suzuki Carry, 'yan ƙananan nan masu ɗaukar ruwan leda da kayan miya.

Babangida Golf: Hahaha wallahi na faɗa! Motar tsere da injin mai fiya wata! Injiniya ka bari don Allah.

Injiniya Bappah Gombe: Gama dariyar ka ji. Inji 660cc ne mai silinda uku, mutum biyu na ɗaga shi. Baya take ja, giyar hannu ce, aksul ɗin baya guda ne kuma siriri, daidai faɗin da ake so, tayoyi inci 12 marasa nauyi, birki da sitiyari duk na ƙaramar mota. Mota ɗaya matacciya ta ba shi kusan komai. Kuma kamfanin Caterham ɗin da Auwal ya ambata, motarsu mafi rashin nauyi, Seven 170, injin Suzuki 660cc mai silinda uku ne a cikinta, sai dai nasu mai turbo ne, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, doki 84, nauyin motar kilo 440. Na kasuwarmu mara turbo ba zai wuce doki 40 zuwa 50 ba, na sani. Amma a kan kilo 450, kana zaune gindinka kusan a ƙasa, iska na dukan fuskarka, gudun kilomita 80 a filin Alhaji zai sa ka karanto duk addu'ar da ka haddace. Mai koyo abin da ya dace da shi ke nan. In hannunsa ya faɗa, firam ɗin na nan, ya canza inji.

Babangida Golf: Tsaya, da gaske Turawan ma injin Suzuki suke sawa?

Injiniya Bappah Gombe: Je ka bincika ka dawo.

Kawu Ɗanjuma: Na goyi bayan Bappah, da gyara biyu. Injin waɗannan motoci a kwance yake ƙarƙashin kujera, to yadda ka same shi haka za ka zaunar da shi, kada ka miƙar da shi tsaye, in ba haka ba famfon baƙin mai zai riƙa zuƙar iska. Saboda haka sayi motar tukuna, ka ajiye inji da giyabos da aksul a kan benci, sannan ka zana firam a kewayensu. Kai ka yi riga kafin ka ga mai sawa. Na biyu, sandar sitiyari. Inda tayarod ke lanƙwasawa ta ciki dole ya yi layi da inda hannayen taya na sama da na ƙasa ke lanƙwasawa. In bai yi ba, duk lokacin da taya ta hau tudu za ta juya da kanta ba ka taɓa sitiyari ba. Gwajinsa ba wuya: cire shokozoba, ka ɗaure doguwar sanda a jikin wili tana nuna gaba, ka ɗaga ƙafar sama da ƙasa da jak. In bakin sandar na leƙa hagu da dama, ka matsa da rak ɗin sitiyarin sama ko ƙasa har ya daina.

Hauwa Yelwa: Kawu wannan gwajin na sanda ya fi yadda aka koya mana a allo sauƙin ganewa. In an gama sabon firam ina so a yi masa na murɗewa ma: a danne baya a kan benci, a ɗaure dogon ƙarfe a gicciye a gaba, a rataya buhun simintin Ashaka mai kilo 50 a bakinsa, a auna nawa ya sauka. A ƙara sandar gicciye a sake aunawa. Zan zo da abin awo daga wajen wata ƙawata in an yarda.

Usman Tumfure: Akwai wata Hijet da ta yi hatsari ta gefe tana ajiye a wani gareji wajen Tashar Dukku, bodin ya tafi amma na ji an tayar da injin kwanan baya. In kana so gobe in leƙa in ɗauko maka hoto da bidiyon ƙararsa.

Auwal Fadaman Mada: Don Allah Usman, ka duba mini har aksul ɗin ko bai lanƙwashe ba, kuma ka tambayi takardunta, kada in sayi rigima. Oga Sale, shi wannan firam ɗin na yanzu fa? Wata bakwai ne fa. Na kasa sa masa garanda.

Oga Sale Mai Walda: Kada ka yanka shi duka. Kawo shi shago ranar Asabar bayan azahar, mu yanko mahaɗa uku ko huɗu mu sa a bais mu doke su da guduma, ka ga da idonka ko waldar ce ke karyewa ko fayif ɗin. Sauran ka yi aikin koyon hannu da su, ɗigo ɗari kafin ka taɓa sabon ƙarfe. Abin da ya rage mu yi wa Hajiya teburin girki da shi, ko ta huce a kan zauren.

Babangida Golf: Na bincika. Injiniya ka yi gaskiya, 660 ne. Auwal in an gama kujerar gefe tawa ce, na riga kowa.

Malam Isa Gwallaga: Hular kwano biyu ke nan. Oga Sale, ƙarfe nawa ranar Asabar ɗin? Ni ma zan biyo in ga dukan gudumar.

Oga Sale Mai Walda: Biyu da rabi, in da wuta. In babu, Auwal ya zo da kuɗin man janareta.